Turbar Ƙafa Daga Wincesta Zuwa Isbon

A kudancin Ingila akwai wata turba wadda ta tashi daga birnin Wincesta, ta bi ta bisa tuddai har garin Isbon na bakin teku. Tsawonta mil 100 ne. An buɗe ta a 1972, amma sai a 1987 aka ƙarasa da ita Wincesta. Wanda ya shiga mota da hantsi ya isa kafin azahar. Mai tafiya ƙasa kuwa sai ya yi kwana takwas ko tara, ga iska, ga ruwa, ga taɓo. Duk da haka kowace shekara mutane suna ɗaukar jaka da sanda su bi ta, ba don rashin kuɗin mota ba.

Mun sani waɗansu za su ce wannan wauta ce irin ta wanda ya ƙoshi. Mu dai ba haka mu ke gani ba.

Tuddan nan na alli ne, ruwa ba ya kwanciya a kansu, shi ya sa tun zamanin da mutane suka zaɓi bin bisansu, suka bar kwari inda laka ta ke. Mafi tsawonsu, tudun Butsa, ya kusa ƙafa 900. Matafiyi zai ƙetare koguna, ya ratsa garkunan tumaki, ya ga tafkunan da makiyaya suka haƙa suka daɓe da yumɓu, sa'an nan a ƙarshe ya fito bisa fararen duwatsu masu kallon teku. Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, yawancin ƙasar da ya ke takawa tana da mai ita. Gonar wani ce, makiyayar wani ce, mai ita kuwa ba shi da ikon ya ce masa koma.

Ga yadda shari'arsu ta ke. Idan jama'a suka yi shekara 20 suna bin wata hanya a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da roƙon izini ba, to, a kan ɗauka ta zama tasu. Manomi yana iya nome turbar da ta ratsa tsakiyar gonarsa, amma wajibi ne ya mai da ita cikin kwana 14. A 1949 aka yi doka ta umurci hukumomin gundumomi su zana kowace turba a taswira. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai wajen mil 140,000.

Kada a zaci masu ƙasa sun ba da wannan da daɗin rai. A watan Afrilu 1932 ma'aikata wajen 400, yawancinsu daga Mancesta, suka hau dutsen Kinda a arewacin Ingila, inda masu gadin dajin farauta su ke korar talakawa. Aka yi 'yar dambe, aka ɗaure mutum biyar. Ɗaurin nan ya jawo musu tausayin jama'a, ya ƙara wa maganar ƙarfi.

Shi ma manomi yana da tasa hujja, ba kuwa za mu raina ta ba. Baƙo ya kan bar ƙyaure a buɗe dabbobi su fice, karensa ya kori tunkiya mai ciki har ta yi ɓari. Wanda ya yi haka ya ci amanar turba, a hukunta shi. Amma laifin mutum ɗaya ba ya halatta a toshe wa dubu hanya.

To, a nan ne mai tafiya ƙasa ya ke da amfani. Turba ba ta da mai gadi sai ƙafa. In an daina bin ta ciyawa ta rufe ta, baɗi a sa garma, bayan shekara goma ba mai iya rantsuwa a kan inda ta bi. Ko a Ingila taswirar ba ta kama duka ba. A 2020 ƙungiyar masu yawon ƙafa ta gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, ta sami fiye da mil 49,000 na hanyoyin da ba a rubuta ba. Dokar 2000 ta yanka wa'adi, duk tsohuwar turbar da ba a rubuta ba kafin 2026 ta faɗi. Aka ɗaga shi zuwa 2031, sa'an nan a ƙarshen 2024 gwamnati ta ce za ta soke shi.

Mu ma ba baƙin wannan magana ba ne, gama muna da burtali. Kowa ya san yadda a ke cinye shi, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu, har ran da shanu za su zo su tarar da dawa a inda kakanninsu suka bi, abin da ya kan biyo baya kuwa ba sai mun faɗa ba. Turbar da ke tsakanin ƙauye da kasuwa ma haka ta ke ɓata tun da babur ya sami wata hanya. Muna roƙon malamai su fita da almajiransu ran da ba karatu, su bi tsohuwar turba daga garinsu zuwa na gaba, su auna faɗinta, su tambayi tsofaffi sunan kowace rijiya da kowace tsamiya, su rubuta, su kai wa dagaci da hakimi kowa ya ajiye kwafi ɗaya.