RA'AYINMU: Yaron Da Aka Sallamo Ba Shi Da Lafiya, Wa Zai Duba Shi?

Jama'a, akwai wata magana da iyaye a ƙasar Gwarzo da Kabo suka sha ji bayan sun kai yaro babban asibiti a birnin Kano: "Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, ku koma gida ku yi ta addu'a." To, addu'a kam dole ce. Amma yaron da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ko mai amosanin jini, wato sikila, da ke kwana yana kuka saboda ciwon ƙashi, shin shi ke nan an gama da shi?

Mu a nan muna cewa a'a. Rashin samun waraka daban, barin yaro cikin azaba daban. Likitoci suna da wani fanni na musamman, aikinsa rage raɗaɗi da kwantar da hankalin majinyaci da iyayensa. A 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar cewa kowace ƙasa ta sa wannan kulawa cikin aikin asibitocinta, har da na yara. Nijeriya ma ta fitar da nata tsarin a 2021. Sai dai takarda ba ta kwantar da ciwo.

Abin ya shafe mu ƙwarai, domin an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar nan. Dokar gwajin jini kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 abin yabo ce, amma ta 'ya'yan gobe ce. Waɗanda aka riga aka haifa fa? Daga Gwarzo zuwa birni kimanin kilomita 70 ne. Manomi ko mai tireda ya sayar da akuya ya biya mota, wata mai zuwa kuma me zai sayar?

Ku dubi Yuganda. Tun 1993 aka fara bin marasa lafiya gida-gida da ruwan maganin mofin, mai araha, a 2004 kuma gwamnati ta yarda nas-nas da aka horar su rubuta shi da kansu. Wani zai ce ai mu matsalar shan ƙwaya ta ishe mu. Gaskiya ne. To amma maganin da ke kulle a asibiti, ana rubuta duk cokalin da ya fita, ba ɗaya yake da tiramol na bayan tasha ba.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano da ta horar da ko nas biyu a Babban Asibitin Gwarzo, ta ajiye musu maganin. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su ba ma'aikatan lafiya babur da mai, su riƙa leƙa gidajen irin waɗannan yara. 'Yan kasuwa kuma a kafa asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa ranar kasuwa.

Ku kuma iyaye, kada ku bar asibiti sai kun tambayi likita: in ciwon ya tashi da tsakar dare me za mu ba shi, wa za mu nema? Kada a ruga kemis a sayo abin da ba a sani ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.