Ƙasan teku ma ƙera shi ake yi

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi Limbe ya ga baƙin yashi a bakin ruwa, ba irin na Kribi ba. Yashin nan garin wani dutse ne da ya taɓa narkewa, masana na ce masa basalt, kuma irinsa ne ya shimfiɗe ƙasan tekun Atlantika.

Ƙarƙashin ɓawon duniya akwai dutse mai zafi da ya nutsa har wajen kilomita 2,900. Da yawa suna zaton ruwan wuta ne. A'a, daskararre ne, sai dai yana motsi sannu a hankali kamar kakin zuma da ya sha rana. A tsakiyar Atlantika, inda faifan Afirka da na Amurka ta Kudu ke rabuwa, dutsen nan yakan taso. Da ya taso sai nauyin da ke danne shi ya ragu, wani kaso kaɗan nasa ya narke, ba tare da zafi ya ƙaru ba. Narkakken ya hau, ya gamu da ruwan sanyi, ya daskare. Sabon ƙasan teku ke nan, kaurinsa wajen kilomita 7. Rabuwar kuwa 'yan santimita ce a shekara, kamar tsiron farce.

To amma tsiron farce na shekara miliyan 100 ba wasa ba ne. A dā gaɓar Kamaru manne take da Brazil. Alfred Wegener ya ce nahiyoyi suna tafiya tun 1912, aka yi watsi da shi, sai a shekarun 1960 awon ƙasan teku ya gaskata shi. Abin mamaki, duwatsun Yawunde da aka gina Briqueterie a kansu sun haura shekara miliyan 500, alhali ƙasan Atlantika bai kai miliyan 200 ba.

Mu ba mu kan wancan tsagi, amma zafin cikin ƙasa bai ƙyale mu ba. Jerin duwatsu masu aman wuta ya taso daga tsibiran Sao Tome da Bioko, ya bi ta Dutsen Kamaru har tudun Adamawa. A 1999 narkakken dutse ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau. Mafi muni shi ne daren 21 ga Agusta 1986, lokacin da iskar kabon da ke tasowa daga ƙarƙashin tafkin Nyos ta ɓalle, ta kashe mutum fiye da 1,700 da shanu dubbai. Allah ya jiƙansu. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, shi ya sa ta bi kwari ta tarar da mutane suna barci. A 2001 aka kafa bututun farko na rage ta daga tafkin, aka ƙara biyu a 2011.