Faifai a Bango: Saƙar Kaba da Ciyawa a Fasahar Zamani

A ƙauyukan Karaye da Rogo, da zarar an kammala girbi sai maza su shiga yankan gamba domin saƙar zana, wasu kuma su duƙufa kan tabarma da malfa. Faifai kuwa aikin mata ne. Sukan rina kaba, a da da karan dafi, yanzu galibi da rinin kasuwa, sannan su bi ciyawa suna naɗewa tun daga cibiya har baki. Ba su zana komai a takarda, lissafin launi da daidaiton ado duk a ka yake.

Wannan aiki fasaha ce cikakkiya, kuma Bahaushiya ta daɗe da sanin haka, domin tun da can ana jera faya-fayai a bangon ɗakin amarya saboda ƙawa, ba don bakace da rufe ƙwarya kaɗai ake yin su ba. A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya mai kiran a gina fasahar zamani kan ta gargajiya. Ƙasar Ruwanda ma kwandon saƙa ta sanya a tsakiyar tambarinta a 2001.

Sai dai sana'ar tana cikin matsi. Tabarmar roba ta kori ta kaba daga gidaje da yawa, matasa kuma sun fi karkata ga noman rani da kamun kifi, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake cin gajiyar masu saƙar. Dillali ya saya da araha a kasuwar ƙauye, kayan su bi ta Kurmi su isa Abuja ko Legas, a haɗa faya-fayai goma a bangon otal, wanda ya jera su ya sa hannu, wadda ta saƙa kuwa ko sunanta ba a tambaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya kamata sassan koyar da zane a kwalejojin ilimi su riƙa gayyatar waɗannan mata su koyar, a biya su ladan malami. Duk faifan da za a baje a Gidan Makama ko wani zauren nuni, a rubuta sunan mai shi da garinta a ƙarƙashinsa.