Ƙarfin da bai bi mu cikin fili ba

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Sauri bayan sallar asuba a hutun da ya wuce ya gan mu: wasu na sassarfa a bakin titi, wasu na ɗaga ƙarfe mai gwangwanin siminti. Wata biyu muna haka saboda gasar unguwanni. Ƙirji ya buɗe, damtse ya cika. Ranar wasa kuwa, wani siririn yaro ya yi ta yanke mu kamar an dasa mu, aka yi waje da mu tun zagayen farko.

Ƙannenmu, ga abin da muka gane daga baya: jiki abin da aka saba masa shi yake iyawa. Mu doguwar sassarfa muka koya masa, alhali gudun ɗan ƙwallo gajere ne, galibi bai kai mita 20 ba, kuma da birki da juyi a cikinsa.

Ku duba Usain Bolt. A 2009 ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin, har yau ba a karya ba. A 2018 ya je gwaji ƙungiyar Central Coast Mariners ta Ostireliya, ya dawo ba kwantiragi. A shekarar ce Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. A ta biyun ya tsere wa mai tsaron baya, ya kauce wa gola, ya natsu, sannan ya buga. Gudu ne da ya san inda za shi.

Kada ku bar atisayen ƙarfi, shi ne tushe. Ku dai ɗora masa wannan sau biyu a mako, bayan ɗumama jiki: gudun mita 15 da iya ƙarfinku sau shida, da hutun minti ɗaya a tsakani. Sai gudu, tsayawa cak, juyawa. Sai tsugunno da ƙafa ɗaya, domin kan ƙafa ɗaya ake harbi. Ku rufe da wasan mutum uku-uku a ƙaramin fili. Ƙarfe mai nauyi kuwa, sai malamin wasanni yana tsaye.

Mu mun koma fili ranar Asabar, wannan karon da ƙwallo a ƙafa. Sai mako mai zuwa.