Kada A Zare Dirka Kafin A Kafa Wata

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan gardamar da manyan duniya ke yi game da janye sojojin kiyaye zaman lafiya, ko a kwashe su da gaggawa ko a bi sannu. Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Bagudo da zancen Majalisar Ɗinkin Duniya? To, jama'a, da ruwanmu, don kuwa mu ne a bakin iyaka.

Mu ɗauki misalin Mali. Tun shekarar 2013 Majalisar ta girke rundunar MINUSMA a can, mai sojoji da 'yan sanda fiye da dubu 13. Sun yi shekara goma, an kashe musu mutane da dama, amma kashe-kashe ba su tsaya ba. Saboda haka ban ga laifin 'yan Mali ba da suka gaji, baƙo dai raɓa ne. Ran 16 ga Yuni, 2023, ministan harkokin wajensu, Abdoulaye Diop, ya ce wa Kwamitin Sulhu a kwashe su ba tare da ɓata lokaci ba. Ran 30 ga watan aka yanke shawarar wata shida, wato kowa ya fice kafin ƙarshen Disamba.

To, sai me ya biyo baya? Wasu daga cikin sansanonin da za su bari sai suka zama abin faɗa tsakanin sojan Mali da 'yan tawayen arewa. An gwabza a Ber cikin Agusta. A Kidal kuwa, a ƙarshen Oktoba sojojin suka fita a gurguje, suka lalata kayan da suka kasa ɗauka, ayarinsu ya yi ta taka nakiya a hanyar Gao. Masu iƙirarin jihadi suka datse hanyoyin Tumbutu, abinci ya yi tsada. Ran 7 ga Satumba suka buɗe wa jirgin ruwan fasinja wuta a kan kogin Kwara, mutane da yawa suka halaka, galibinsu talakawa matafiya irinmu. Wannan kogi kuwa shi ne dai ya biyo ta Yamai da Gaya ya shigo mana nan ƙasar Bagudo.

Yanzu a dubi Laberiya, inda sojojinmu na ECOMOG suka fara shiga a 1990. Rundunar Majalisar ta zo a 2003. Ba ta miƙa wa 'yan ƙasar ragamar tsaro ba sai a 2016, bayan an horar da sabon soja da 'yan sanda, sannan ta kammala fita a 2018. An yi zaɓe, mulki ya koma hannun wani lami lafiya. Haka Saliyo, kaɗan-kaɗan aka riƙa rage su har ƙarshen 2005. Su ma baƙin sun tafi, amma ba su bar gida a buɗe ba.

A nawa ganin, masu gardamar wata uku ko shekara uku duk sun bar jaki suna dukan taiki. Abin tambaya shi ne, in wannan ya tashi, wa zai zauna a wurinsa? Duk mai rumfa a kasuwa ya san ko dirka ta ruɓe ba a zare ta sai an kafa wata, in ba haka ba rumfar a kanka za ta faɗo.

Ga shi kuwa mun gani. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sojan Faransa suka fice a Disamba, na Amurka suka bi su a 2024. Aka rufe iyaka, maƙwabta suka daina ga-maciji da juna, sai bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. A Afrilun 2025 gwamnatin Benin da kanta ta ce an kashe mata soja 54 a dajin W, cikin jihar Alibori. Alibori ɗin nan fa ita ce muke shiga idan muka tsallaka daga Tsamiya zuwa Segbana. Wanda ke kai albasa ko hatsi ta wannan hanya ya san yadda gabansa ke faɗuwa in yamma ta yi masa a daji.

Ban ce duk wannan masifa tafiyar MINUSMA ce ta haifar da ita ba. Talauci da rashin adalci da sakacin shugabanni sun riga ta. Amma gaggawar ta ƙara wa wutar mai.

Ko a cikin gida mun ɗanɗana. A Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata a makarantar Maga ta ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya ce sojojin da aka kai sun bar wurin jim kaɗan kafin maharan su iso. Wurin da aka bari fayau na ƙasa da sa'a guda ke nan, ina ga ƙasa sukutum?

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Tarayya da wakilanmu a Majalisar Ɗinkin Duniya, duk inda aka tashi zancen janye soja, su nace a fara bayyana wanda zai gaje su, sansani bayan sansani, kuma a ji ta bakin maƙwabta. Na biyu, a ajiye fushin siyasa a zauna da Nijar da Benin kan sintirin haɗin gwiwa tun daga Kamba har Lolo da Tsamiya. Na uku, jami'an da ke garuruwanmu na iyaka kada a ɗauke su sai masu canjinsu sun sauka.

Mu kuma talakawa, in mun ga baƙuwar fuska mu sanar da mai gari ko hakimi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Bagudo, Jihar Kebbi.