Haƙƙin Jama'a a Wuyan 'Yan Kasuwa

Kowace safiya ta Allah, tun kafin gari ya waye, manyan motoci kan sauke tumatir da albasa da tattasai da wake a kasuwar Mil 12 ta Ikko da ta Bodija a Badun, masu shanu kuma su sauke nasu a Oko-Oba ta Agege da Lokpanta ta Jihar Abiya. Yawancin wannan kaya daga Arewa ya fito, kuma 'yan Arewa ne ke riƙe da cinikinsa tun daga gona har zuwa rumfa. Wanda ke ciyar da birane irin waɗannan lalle babban mutum ne, kuma gwargwadon girmansa, gwargwadon nauyin da ke wuyansa. Saboda haka ya dace a tsaya a duba abin da jama'a ke bin ɗan kasuwa bashi.

Wannan ciniki ba yau aka fara shi ba. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 fataken shanu da na goro suka yawaita a Kurmi, har aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916. Abin da ya riƙe cinikin nan shi ne amana. Falke ya taso da shanunsa daga Arewa, ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da tuwo, dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, a ba da shanu bashi ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya kasa biya, maigida ne ke tsayawa har falke ya sami kuɗinsa, domin ranar da aka ji ya bar baƙonsa ya yi asara, ran nan gidansa ya mutu. Da wannan hali magabata suka sami wurin zama a garuruwan da ba nasu ba.

To, haƙƙi na farko na mai saye ne. Matar da ta zo da 'yan kuɗinta auna wake ba ta da halin sanin abin da aka zuba masa a rumbu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne aka ci gaba da aunawa talakan gida. Haka kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da kabaid na masu walda. Ga masu bubbuge gindin mudu, ga masu jera manyan tumatir a bakin kwando su cusa ruɓaɓɓe a ƙasa. Addini ya yi hani mai tsanani a kan tauye mudu, dokar ƙasa ma ta hana, amma kafin malami ko alƙali ya yi magana, shugabannin kasuwa ne suka san mai yi da wanda ba ya yi.

Akwai kuma ɓoye kaya. A 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai inda magidanci ba ya iya ciyar da iyalinsa sau uku, hukumar karɓar koke-koke ta Jihar Kano ta rufe waɗansu rumbunan ajiya a kasuwar hatsi ta Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara tsohuwar sana'a ce, kuma tana da amfani, don ita ke sa a sami abinci lokacin da rumbun manomi ya ƙare. Amma wanda ya kulle sito alhali mutane na kwana da yunwa, yana jiran farashi ya ninka, ya sani cewa ribarsa hawayen maƙwabcinsa ce.

Haƙƙi na biyu na yaran da ke aiki ne. Kowace kasuwa a Kudu cike take da 'yan ci-rani masu dako da masu turin baro, waɗanda ke kwana a rumfa ko ƙarƙashin gada, in ciwo ya kama su ba mai kai su asibiti. Da gumin waɗannan yara ake tara dukiya. Duk mazaunin Kudu ya ga yadda 'yan kasuwar Ibo na Anaca da Alaba ke ɗaukar yaro ya yi musu hidima na waɗansu shekaru, sa'an nan su sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin dā maigida kan yi wa yaronsa aure ya ba shi jari. Abin kunya ne a ce mutum ya shekara goma yana ɗaukar buhun alhaji a kansa, ya koma gida da ciwon baya kaɗai. Zakkar dukiyar ciniki kashi biyu da rabi ce cikin ɗari. Da attajiran kowane zango za su fitar da ita yadda ya kamata, su tara a hannun amintattu, da an rage yaran da ke gararamba, an ba waɗansu abin sana'a.

Haƙƙi na uku na garin da ake zaune ne. Kasuwar da ke tara shara har ta toshe lambatu, motocin da ke tare hanya su hana 'yan gari wucewa, waɗannan ƙananan abubuwa ne da kan taru su zama gaba. An ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Mil 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, inda gardama a kan kayan da suka zube a gaban wani shago ta zama sanadin asarar rayuka da ƙonewar rumfuna. A irin wannan rana mai kuɗi yana da inda zai fake. Mai dako da mai shayi da mai gyaran takalmi su ne ke kwana a ciki.

Bayan rikicin Shasha, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana kai kaya Kudu daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021. Koke-kokenta na neman diyya da tsaron mutanenta suna da tushe. Amma kowa ya ga sakamakon. Abinci ya yi tsada a Ikko, tumatir kuwa ya yi kwantai a hannun manomin Arewa da ya ci bashi ya noma shi. Talaka ne ya sha wuya a ɓangarorin biyu. Hannun da ke riƙe da abincin mutane ba ya kyautu ya mai da shi makami.

Gaskiya ne 'yan kasuwa na da nasu kukan. Motar da ta taso daga Kano zuwa Ikko ko Fatakwal tana ratsa shingaye ba iyaka, kowane da mai miƙa hannu, ga haraji iri-iri na jihohi da ƙananan hukumomi, ga tsadar sufuri da ta ƙaru tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Duk wannan a kan mai saye yake ƙarewa. Wajibi ne gwamnatoci su kawar da waɗannan shingaye, su tsare ran baƙo da dukiyarsa kamar yadda tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so. Sai dai laifin hukuma ba ya wanke mai algus, kuma ba ɗan sandan hanya ne ya zuba wa wake guba ba.

Saboda haka ana kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni na Kudu da su ɗauki matakai tun kafin wata fitina ta taso. A sa mudu ɗaya wanda kowa ya yarda da shi, a kori duk wanda aka kama da algus ko da ɗan wane ne. A rubuta sunan kowane yaro da ke aiki a kasuwa da na maigidan da ya tsaya masa. A buɗe asusun jinya da na taimakon wanda gobara ta shafa. A riƙa zama da sarakunan gari da shugabannin matan kasuwa a kai a kai, ba sai ranar da aka zub da jini ba.

Magabata sun bar wa 'yan Arewa suna mai kyau a Kurmi, har ana ba Bahaushe ajiya ba shaida. Wannan suna shi ne jarin da ya fi kowane jari, kuma shi ne garkuwar ƙaramin ɗan ci-rani da bai mallaki kome ba sai ƙarfinsa. Wanda ya ci moriyarsa, haƙƙi ne a kansa ya miƙa shi ga na baya yadda ya same shi. Allah Ya sa a gane, Ya ba da zaman lafiya da ciniki mai albarka, amin.