Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Albarkatun Ruwa na Jihar Kano



Mu mutanen Wudil a gangaren ruwa muke. Duk abin da madatsun ruwa na Tiga da Challawa suka sako, ta ƙarƙashin gadarmu yake bi kafin ya nufi Haɗeja. Waɗannan dai suna da hukuma. Damuwata ita ce ƙananan madatsun da masu hali ke yi a gonakinsu don noman rani da kiwon kifi: a kawo katafila, a tara jar ƙasa, wai an yi dam.

Wa ke duba su? A zagaya bayan irin wannan bango a watan Agusta, sai a ga ruwa na tsattsafowa daga gindinsa, gara ta yi gida, ciyawa ta toshe mafitar ruwa, ga gidajen mutane a ƙasa. Dam ɗin Bagauda ma da gwamnati ta gina ya ɓalle a 1988, balle wanda injiniya bai taɓa takawa ba.

Roƙona, a turo injiniyoyin hukumar WRECA su auna ƙarfin kowanne kafin damina, a kafa allo mai nuna matsayinsa, mai dam ya biya kuɗin. Wanda ya gaza, a rage masa ruwa, a sanar da dagaci.

Naka,
Wani mazaunin Wudil